Tafiyata Masar da Allurar Garin Roba

Tun da na dawo ban zauna a rumfa na yanka nama cikin natsuwa ba. Wannan ya zo ya ce, "Isyaku, wai da gaske ta hanci aka shiga kanka?" Wancan ya ce, "Wai roba ake ɗura maka a jiki?" Ranar kasuwar da ta wuce har Jauro Buba, wanda nake sayen shanu a wurinsa, ya baro Rurum a kan babur ba da ko akuya ba, wai ya zo ya ji da kunnensa. Duk wanda na ba guntun labari sai ya je ya ƙara nasa, har na ji an ce wai an sauya mini ƙwaƙwalwa. To ga shi nan daga tushe, yadda ya faru.

Ni mahauci ne a kasuwar Rano, sana'ar gidanmu ce. Ciwon nan bai zo mini da sallama ba. Da farko zoben azurfata ne ya ƙi fita, sai da maƙeri ya yanke shi. Daga nan takalmi ya daina shiga, hula ta koma zama a tsakar kai kamar ta aro. Haɓata ta yi gaba, haƙora suka buɗe, murya ta yi kauri. Ga gumi ko da sanyi, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce naman da nake ci ne ya yi yawa. Na sha rubutu, na sha saiwa, hannu sai ƙara faɗi yake.

Ƙanwata Rabi ma'aikaciyar jinya ce a Kibiya. Ita ce ta tsaya a kaina har muka je Kano aka ɗauki hoton kai. Likitan ya ce wani tsiro ne ya fito a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, shi ke sa jiki ya ci gaba da girma bayan lokacin girma ya wuce. Ya ce ya fara danne jijiyar ido. In aka bar shi, ido zai tafi, zuciya ma za ta gaji. Ya ba mu shawarar Masar. Dangi da abokan sana'a suka haɗa abin da Allah ya hore, ni ma na rabu da gonata ta Saji, Rabi ta ɗauki hutu, muka shirya.

Muka kama hanya daga Rano zuwa Kano. Muna wuce Bunkure ina kallon gonakin mutane ina cewa a raina, ko zan sake ganinsu. Rabi ta lura, ta ce, "Yaya, ka saki ranka mana, sai ka ce wanda za a kai wa alƙali." Na ce, "Wanda za a kai wa alƙali ai ya san laifinsa."

Jirgi ban taɓa hawansa ba. Kujerar ta yi mini kaɗan, gwiwoyina suka tokare ta gaba. Da ya ɗaga, sai na damƙe hannun kujera har ya yi ƙara. Wani Bakano ɗan kasuwa da ke gefena ya ce, "Malam, a hankali, in ka karya biya za ka yi." Aka kawo abinci a 'yan kwanoni kamar na wasan yara, cokalin ya ɓace a cikin yatsuna. Na rufe na miƙa wa Rabi.

Tsoro na gaske a filin jirgin Alƙahira ya same ni. Fasfona na yi shi ne shekarun baya, lokacin da na yi niyyar Umara Allah bai nufa ba. Jami'in da ke buga hatimi ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya yi magana da Larabci. Ban ji ba, amma na ga ya girgiza kai. Rabi ta matso tana yi masa Turanci, ya ɗaga mata hannu alamar ta koma baya. Wasu biyu suka zo suka sa ni a tsakiya zuwa wani ɗaki marar taga.

A ɗakin nan na san cewa fuskata ta tafi. A gida kullum ana ganina, ba wanda ya ga ranar da ta sauya. Amma da suka ajiye hoton a kan tebur, ni kaina na ga wani siririn mutum mai ƙaramin hanci yana kallona, wanda ban san shi ba. Babban cikinsu yana nuna hoton yana nuna ni yana ɗaga murya. Na ce, "Wallahi ni ne." Kalmar wallahi kaɗai suka gane. Na fara tunanin kurkuku a ƙasar da ba a san sunan ubana ba, da Rabi ita kaɗai a waje. Gumi ya jiƙe rigata har ƙasa.

Can sai wani dattijo a cikinsu ya sa tabarau, ya ɗauki hoton, ya zo dab da ni ya kama haɓata ya juya fuskata wajen fitila. Ya sa yatsa a kan billen da ke kumatuna na hagu, tsagar da wanzami ya yi mini ranar suna. Ya nuna ta a hoton. Suka taru suna leƙe. Daga nan suka sa na ɗora yatsa a kan wata na'ura, da ƙyar ya zauna a gurbin, sannan aka kira Rabi ta yi bayanin ciwon. Dattijon ya dafa kafaɗata ya ce, "Salamtak." Daga baya na ji ma'anarta Allah ya ba da lafiya. Aka buga mini hatimi na fito.

Masaukinmu wani dogon bene ne kusa da asibitin, inda baƙi masu jinya ke kama ɗaki. Mai kula da gidan wani tsoho ne baƙi, dogo, sanye da farar jallabiya. Muna shiga ya ji Rabi tana yi mini magana, sai ya ce, "Marhabin, mutanen ina?" Da Hausa! Na kusa rungume shi. Sunansa Baba Abakar. Kakansa ne ya bar ƙasar Kano a ƙafa zuwa Makka, ya yada zango a Sudan bai ƙara gaba ba. A can aka haife shi, bai taɓa ganin Kano ba, yaƙi ne ya koro shi Masar. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, a gauraye da Larabci. Ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a marina, ko har yanzu akwai kuraye a dutsen Rano kamar yadda ya ji ana faɗa. Shi ya zama bakinmu a garin.

Akwai wani akwatin ƙarfe da ke ɗaukar mutum zuwa sama a cikin benen. Ranar farko muka shiga, ya rufe, ya yi wani gunji ya tsaya tsakanin hawa da hawa. Ba mu daɗe a ciki ba, amma tun daga ranar matakala nake bi, ko da numfashina zai ƙare.

Mutanen Masar ba su da doguwar gaisuwa. Mu nan sai an tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi gajiya da ruwa. Su kalma ɗaya, sun wuce. Magana kuma da ƙarfi suke yin ta, ka ɗauka faɗa ake, ashe cinikin tumatir ne. Tsallaka titi kuwa sai mai ƙarar kwana. Motoci ba sa tsayawa, mutum ne zai kutsa yana ɗaga hannu. Baba Abakar ya ce, "Ka laɓe a bayan tsohuwa, duk inda ta sa ƙafa ka sa taka." Haka nake yi, ƙato da ni, ina bin bayan tsofaffi mata.

Abincinsu gurasa ce safe da yamma, da wani dafaffen wake mai kauri da suke zuba wa mai da lemon tsami. Ba laifi, amma ba yaji, ba daddawa. Rabi ta zo da kuka da garin masara, sai dai tukunyar ɗakin ta ƙi tuwo, kullum sai ya kama. Da muka ba Baba Abakar miyar kuka, ya ɗanɗana, ya ce rabonsa da ita tun uwarsa na da rai.

Da yake hali ba ya barin mutum, na leƙa wurin mahautansu. Suna rataye sa guda a ƙofar shago, an buga masa jan hatimi ko'ina a jiki, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Na tsaya ina kallon yadda wani yake fitar da ƙashin cinya. Ya ga yadda nake bin wuƙar da ido, ya miƙo mini ita. Na gyara masa cinyar tsaf. Ya kama hannuna yana jujjuyawa, ya kira maƙwabtansa suna mamaki, suna dariya, suna cewa ma sha Allah. Su a ganinsu baiwa ce. Na yi murmushi na karɓe hannuna, ban da bakin gaya musu shi ne ya kawo ni garinsu.

A asibiti aka sake tura ni cikin na'urar hoton kai. Wanda bai shige ta ba ba zai gane ba. Za a kwantar da kai, a ɗaure kanka, a zura ka cikin rami mai ƙunci kamar kabari, sannan a yi ta buga ƙarfe a kunnenka. Kafaɗuna suna gogar bango. Na karanta duk abin da na haddace, na koma na sake.

Ranar aiki na yi wa Rabi wasiyya. Na gaya mata wanda zai riƙe rumfa da wanda zai kula da yara. Ta ce, "Yaya, don Allah ka bari." Amma ta saurara har ƙarshe, idonta ya yi ja. Aka sa mini wani abu a hanci, na ji likita yana magana, shi ke nan. Na farka hancina cushe da auduga, bakina a bushe, ina ganin fanka biyu a sama. Da suka haɗe suka zama ɗaya, na gode wa Allah. Gaskiya ne ta hanci suka shiga, ba su fasa kai ba.

Na ɗauka an gama. Sai da na warware aka sake gwada jini, aka kira mu wurin wata likita mace, 'yar gajeriya mai farin gashi a goshi. Ta ce an cire mafi yawan tsiron, ido ya tsira. Amma akwai ragowa da ta naɗe jikin babbar jijiyar jini, wadda in aka taɓa ta mutum ba zai tashi ba. Ragowar nan tana nan tana aikinta. Sai an danne ta da magani, wataƙila har iyakar rayuwa.

Na ce a ba ni ƙwayoyin in tafi gida.

Rabi ce take juya mini maganarta. Likitar ta ce wannan magani dangin abin da ke cikin nama da ƙwai ne. In aka haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tsire, ba abin da zai kai jini. In kuma aka yi allurarsa haka tsurarsa, kafin yamma jiki ya cinye shi, sai an yi ta soka wa mutum allura safe, rana da dare. Don haka masu yin sa suka yi dabara. Suka ɓoye maganin a cikin wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana, sun fi garin tuwo laushi. Ana dama su da ruwa a yi allura a ɗuwawu, su zauna a cikin tsoka, suna narkewa kaɗan-kaɗan suna sakin maganin har wata guda.

Na ce, "Ƙwayoyin da me aka yi su?"

Kafin Rabi ta buɗe baki, Baba Abakar da ke tsaye a bakin ƙofa ya tambayi likitar da Larabci, ya juyo ya ce, "Ta ce wata irin roba ce."

Ku da kuke sayen nama ba ku san abin da muke gani ba. Sau nawa na farke tumbin saniya na tarar da leda ta dunƙule a ciki, ta yi tauri kamar dutse, wani lokaci ta kai girman kan mutum. Za ka ga dabba tana ci tana ramewa, mai ita ya rasa dalili, sai a mahauta asiri ya tonu. Ledar da ta haɗiya tun tana maraƙa tana nan yadda take, har rubutun jikinta ana karantawa. Yanzu a ce duk wata za a ɗura mini wannan a tsoka, shekara da shekaru?

Na miƙe na ce, "Rabi, gaya mata na gode. Ba za a yi mini ba."

Likitar ta sa aka zaunar da ni, ta ce in faɗi abin da nake tsoro. Na ba ta labarin tumbi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ina da gaskiya a kan leda, amma wannan ba ita ba ce. Ita wannan, ruwan jiki ne ke warware ta, ta koma irin tsamin nan da ke cikin nono, jiki ya ƙone shi ya fita ta numfashi da fitsari. Rabi ta karɓe da Hausa, ta ce, "Yaya, lokacin da Hauwa ta haifi auta aka yi mata ɗinki, wa ya cire mata zaren?" Hauwa matata ce. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ba wanda ya cire. Narkewa ya yi. To danginsu ɗaya da wannan."

Na ji maganar, amma zuciyata ba ta ji ba. Na ce a ba ni lokaci. Na koma masauki na kwanta na juya wa Rabi baya. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta ce za ta kira Inna a waya. Na ce ta kira.

Washegari da la'asar ina zaune a matakala, Baba Abakar ya zo da shayi ya zauna kusa da ni. Ya zuba mini. Can ya ce, "Ɗana, matata tana da ciwon sukari. Allura take yi kullum, irin wadda sai an ajiye ta a sanyi. Da muka gudo, mun yi kwanaki a bayan babbar mota cikin sahara. Na naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma, na rungume su a inuwar jikina. Rana ta lalata su. Ina yi mata allurar, ba ta aiki. Kafin mu kai iyaka ta rasu, a gefen hanya muka rufe ta." Ya kurɓi shayi. "Da a lokacin wani ya ce mini akwai allurar da za a yi mata sau ɗaya ta riƙe ta wata guda, ko da ƙarfe aka yi ta zan ce a yi. Kai ga taka a tebur, kana zaune a matakala."

Ban iya kallonsa ba. Da safe na ce wa Rabi ta ɗauko mayafinta.

Allurar tana da kauri, kuma ta yi zafi. Kwanakin farko cikina ya ɓaci, na yi ta zaryar bayan gida, kullum ina shafa wurin ina jin ɗan kulluttu, ina cewa ga ta nan ta fara taruwa. Na hana kaina barci da wannan tunani. A hankali kulluttun ya baje har na neme shi na rasa. Gumin ya ragu. Wata safiya na tashi na ji wani abu ya ɓace, na daɗe kafin na gane ciwon kai ne.

Kafin mu taho, wata ma'aikaciyar jinya ta koya wa Rabi yadda ake haɗa ta. Aka ba mu maganin wasu watanni a cikin 'yar kula da ƙanƙara, aka ja mana kunne: kada ya yi zafi, kada kuma ya daskare. Baba Abakar ya raka mu har bakin mota, ya riƙe kular da hannu biyu kafin ya miƙo mini, ya ce, "Ka gaida Kano."

A filin jirgi masu bincike suka ce ba a shiga da ruwa. Wani ya buɗe kular ya ɗauko kwalba ɗaya yana ɗagawa sama, yana girgiza farin garin. Na san hodar iblis yake zato. Rabi, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa namiji murya ba, ta tsaya a gabansa tana zuba Turanci har shugabansu ya zo ya duba takardun asibiti ya ce a bar mu. A cikin jirgi a kan cinyata na ɗora ta har Kano.

Mun sauka da tsakar rana, ana zafi kamar wuta. Motar da muka ɗauka ta yi faci bayan mun wuce Bunkure, kuma tayar canjin ba iska. Direba ya hau babur ya tafi neman mai faci. Muka zauna a gindin wata bishiya. Na buɗe kular kaɗan, na ga ƙanƙarar ta zama ruwa. Na rufe, na lulluɓe ta da babbar rigata, na rasa abin yi. Sai ga wata mata da bokitin zoɓo a ka za ta kasuwa. Rabi ta tare ta ta ce, "Baiwar Allah, ƙanƙararki muke so, magani ne zai lalace." Matar ta sauke bokitin ba tambaya, ta tsamo duk ƙanƙarar da ke ciki ta zuba mana. Na ce, "Zoɓonki zai yi ɗumi." Ta ce, "A sha shi haka." Ko sunanta ban tambaya ba, hankalina ba ya jikina.

Ba mu tsaya Rano ba, muka zarce Kibiya, don a asibitinsu Rabi akwai firij mai aiki da hasken rana. Sai da na ga ta rufe ƙofarsa sannan na tuna ina da gida da iyali.

Da wata ya cika na hau babur na je a yi mini ta farko a ƙasarmu. Rabi ta fito da kwalbar ta bar ta sanyin ya sake ta. Ta zuba ruwan, ta yi ta juyawa har ya koma fari kamar madara. An gaya mata da zarar ya haɗu a yi maza, in aka yi jinkiri garin zai kwanta ya toshe allura. Na kwanta rub da ciki. Na ji ta soka, sannan na ji shiru.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Ta toshe."

Na san abin da ke cikin sirinjin nan, na san hanyar da ya biyo kafin ya zo ɗakin. Na kifa fuskata a katifa na ce, "Rabi, yi bismilla ki sake." Ta zare, ta sauya allura, ta girgiza, ta soka a gefe. Na riƙe numfashi. Sai na ji zafin nan yana shiga a hankali, yana bazuwa cikin tsoka. Ban taɓa murnar jin zafi ba sai ranar.

Ta zare ta danna auduga. Na ji ta zauna daɓas a kan kujera tana sauke numfashi. Can ta share fuska da gefen hijabinta, ta miƙe ta ce, "Yaya, tashi ka ɗaura wandonka. Mata masu awo suna jira a waje."